Allon Ado na Tebur: Yadda Ake Haɗa Shi Ya Jure Hunturun Azare

Da zarar azumi ya raba tsakiya, gidajen Azare kan shiga gyara. A sauke labule a wanke, a sauya ledar ɗaki, a fito da kuloli da tangaran ɗin da aka adana tun bara, domin ranar Sallah falo ba ya rabuwa da baƙi tun daga saukowa idi har bayan isha'i. Wurin da aka fi mantawa da shi shi ne tsakiyar tebur. Yawanci ɗan yadi ake shimfiɗawa, ko leda mai furanni, kafin la'asar kuwa manja ya ɗiga, zoɓo ya zuba, yaro ya ja gefe guda komai ya karkace. A Turai da Amurka ana shimfiɗa siririn ƙyalle mai tsawo a tsakiyar teburin cin abinci, ana sauya shi da sauyin lokaci, na Kirsimeti daban, na kaka daban, wasu kuma da katako suke yin nasu su yi masa fenti. Na katakon nan shi ya dace da mu. Allo ne dogo siriri, a jera masa kula da farantin dabino da kofuna, a goge shi da tsumma idan ya ɓaci, a ɗauke shi idan biki ya wuce. Ko gidan da ba a ci a tebur, zai zauna daram a tsakiyar tabarma lokacin buɗa-baki.

Zane a kan katako ba baƙo ba ne a ƙasar Katagum. Duk wanda ya taɓa halartar walimar sauka ya ga allon zayyana, da gidajensa na ja da kore da ruwan ɗorawa, baƙin layi ya kewaye kowanne. Hannun da ya iya wancan zai iya wannan. Sai dai allon zayyana ratayewa ake yi ko a jingine a ɗaki, shi kuwa na tebur zai sha zafin kwano da ruwan tsumma, kuma dole ya kwanta sumul bai yi rawa ba. A nan ne aikin yake, kuma yawancinsa kafin a buɗe gwangwanin fenti ake gama shi.

Zaɓen katako

Katakon da ake sayarwa a rumfunan 'yan katako na Azare ba a nan ya tsiro ba. Manyan motoci ne ke kawo shi daga dazuzzukan kudu, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, wani kuma daga Taraba. A kudu iska cike take da laima kusan duk shekara, don haka katakon da ya bushe a ma'aunin can, a namu ma'aunin da sauransa. Tsakanin Disamba da Fabrairu laimar iska a nan takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, sai katako ya shiga sakin ruwan da ya rage masa, yana tsukewa. Ba ya tsukewa ta tsawo, ta faɗi yake yi, kuma gefen da ya fi shan iska shi ke riga ɗaya bushewa. Abin da ke sa ƙofa ta yi gibi da hunturu ta kuma cije da damina ke nan, shi ne kuma zai lanƙwasa allon da aka yi wa gaggawa, ya tsaga fentin tun daga baki.

Ga mai fenti, farin katako mai laushi irin obeche ko afara ya fi sauƙin sarrafawa: ba nauyi, yana karɓar samfefa, launi yana fita a kansa. Aibinsa ƙwari na sonsa, kuma yana loɓawa idan abu mai nauyi ya faɗo masa. Malaina, wadda aka fi sani da ita a aikin kujeru, ba ta cika motsi ba idan ta bushe, amma tana jinkirin bushewa ƙwarai, don haka sai wadda ta daɗe a ajiye. Jan katako irin maɗaci ya fi ƙarko da nauyi, kuma idan aka same shi mai kyau, asara ce a rufe shi duka da fenti; a bar masa tsakiya ko gefe jikinsa ya fito. Aduwa, wadda da ita aka saba sassaƙa allon karatu, tana da santsi da tauri, illa dai da wuya a sami miƙaƙƙiya mai tsawon ƙafa uku. Madobiya kuwa ina roƙon a ƙyale ta. An yi mata saran ƙare-dangi a Taraba da maƙwabtanta ana fitar da ita zuwa Sin, har aka sa ta tun 2017 cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Kayan adon falo bai kai a ƙara kayar da ko guda ba.

Mafi alheri duka shi ne tsohon katako: murfin tsohuwar kwaba, ko allon gado, ko ƙofar da aka cire. Ya riga ya ga hunturu da damina da yawa, ya gama duk motsin da zai yi. A duba kawai babu gara ko ƙananan ramuka masu zubar da gari, a zare ƙusoshi kafin a kai wa mai inji. Idan da tsohon fenti a jikinsa, akwai magana a kansa nan gaba.

Idan sabo za a saya, kada a tsaya ga "ya bushe ƙarau" da mai rumfa zai faɗa. A ce masa, "Maigida, a taimaka a zaro mini na ƙasa, wanda ya kwana biyu a rumfa." A ɗaga shi a hango tsawonsa da ido ɗaya, a ga ko ya murɗe. Sannan a dubi bakin yanka. Akwai layuka a wurin: idan sun tsaya kusan a miƙe daga fuska zuwa fuska, wannan katakon zai zauna lafiya, idan sun yi baka mai faɗi, zai so lanƙwashewa, idan kuwa ana ganin cibiyar itacen a ciki, a mayar da shi, sai ya tsage. Mai ido babba ma a bar shi, domin idon kan saki ya faɗo ko ya fitar da ƙaro ta cikin fenti.

A gida a yanka shi da rarar inci biyu ko uku a kowane ƙarshe, a shafa wa bakunan narkakken kyandir ko ragowar fenti domin ta nan ruwa ke saurin fita har ya dare. A kwantar da shi a inuwa, cikin ɗaki ko rumfa, a kan 'yan sanduna uku masu kauri ɗaya yadda iska za ta ratsa ƙasansa, a ɗora wasu ukun a sama daidai saitinsu, a danne da bulo. Ban da rana, ban da jingina a bango. Hanyar sanin ya gama mai sauƙi ce: a auna shi a sikeli duk bayan kwana huɗu ko biyar, a rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Ranar da awo biyu a jere suka zo ɗaya, ya shirya. Da hunturu mako uku zuwa huɗu kan isa katako mai kaurin inci ɗaya da ya riga ya ɗan sha iska.

Wannan ya sa lissafin lokaci ya zama dole. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen sanyi zuwa farkon bazara (na 2025 ya kama ranar 1 ga Maris), kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Mai son allonsa ya hau tebur ranar ƙaramar Sallah, ya sayi katako a Rajab, ya yi fenti a Sha'aban, ya bar shi ya ƙanƙame cikin azumi. Rajab ɗin kuwa yanzu tsakiyar hunturu yake, lokacin da babu kamarsa wajen busar da katako.

Awo da gyara

Teburin tsakiyar falo yawanci bai wuce ƙafa huɗu ba, don haka allo mai tsawon inci 36 da faɗin inci 10 ya yi daidai, ya bar wurin ajiye kofi a kowane gefe. A kai wa kafinta ya bi fuskokin biyu da inji, ya cire daidai wa daida daga kowace fuska, kauri ya tsaya wajen inci uku bisa huɗu. Idan fuska ɗaya kawai aka fere, sau da yawa kafin gari ya waye ya lanƙwashe.

Akwai zaɓi biyu a nan. Mai son fuska ɗaya sai a ɗaura masa 'yan katakai biyu a gicciye ta ƙasa, su riƙe shi kuma su zama ƙafafu. Da sukuru ake ɗaura su, ban da gam, kuma a ɗan faɗaɗa hujin na gefe domin allon ya sami wurin motsi idan damina ta zo. In an ƙulle shi tamau, tsagewa zai yi. Ni dai na fi son mai fuska biyu, ɗaya ta Sallah, ɗaya ta kaka ko biki. Shi ba ya ɗaukar ƙafa, sai a tsaga katakon gida uku ta tsawo, a juya na tsakiya ya kwanta da bayansa, a haɗa su da farin gam na kafinta irin Top Bond, a matse. Wanda ba shi da abin matsewa ya yanka tsohon tib na babur ya naɗe shi da ƙarfi, ya danne da nauyi a kan daɓe sumul, ya bar shi kwana guda. Kowane tsagi yana jan nasa gefen, sai su hana juna karkacewa.

Daga nan sai samfefa: lamba 80, sannan 120, sannan 180 ko 220. A naɗe ta a ɗan guntun katako, a riƙa bin tsawon jijiya, kada a gitta, domin duk ƙarcen da aka yi a gicciye fenti zai tona shi. A kashe kaifin gefuna da kusurwoyi, fenti ba ya kama wuri mai kaifi, kuma ta nan yake fara ɓarewa. Ƙananan ramuka a cike su da garin katakon da aka kwaɓa da gam. Kafin shafa ta ƙarshe a goge allon da tsumma mai ɗan danshi, a bar shi ya bushe. Gashin katako zai miƙe, sai a kwantar da shi da lamba 220.

Maganar fenti

Abin da za a ajiye kusa da abinci, yara na taɓawa suna kai hannu baki, ba kowane fenti ne ya dace da shi ba. Fentin mai irin na ƙofa da ƙarfe, musamman ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, shi ne aka sha samun dalma a cikinsa a kasuwannin ƙasashe da yawa, har da Nijeriya. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma da ba ya cutar da yaro. Mutanen Arewa ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan guba. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can daga ƙurar dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ɗan kaɗan ɗinta yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba. Saboda haka a nemi fentin ruwa na akirilik, irin wanda ɗaliban zane ke saye a shagunan littattafai, a 'yan bututu ko ƙananan robobi. Tsohon katako mai tsohon fenti kuwa, kada a goge shi a bushe a tsakar gida. A kankare shi a jiƙe, a waje, da takunkumi a hanci, a tattare abin da ya zuba a kai shi nesa da yara da dabbobi.

Fara da shimfiɗa: farin andakot na ruwa, shafa biyu marasa kauri, a fuska biyu da gefuna da bakuna, ko da fuska ɗaya za a zana. Wannan ƙa'ida ta fi kowace muhimmanci a aikin nan. Allon da aka rufe samansa aka bar ƙasansa tsirara, ta ƙasan zai riƙa shan laima yana saki, ya bankare da damina ya koma da rani. Bayan shimfiɗa sai launin ƙasa, shi ma shafa biyu. Ruwan madara ya fi fari tas kyau da ɓoye datti.

Ƙura ita ce abokiyar gabar mai fenti a watannin nan. A yi aiki a ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka, kuma da an gama shafa a kifa babban kwali a kan allon. Da sassafe ya fi, kafin iska ta taso. Akirilik na bushewa cikin mintuna kaɗan a irin wannan iska, don haka a riƙa ɗibar kaɗan kaɗan a kan faranti da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙen tsumma da takarda, buroshi kuma kada ya kwana da fenti.

Zane

A bar inci ɗaya ko'ina a matsayin baki, ciki ya rage inci 34 da inci 8. A fitar da murabba'i uku masu inci 8, ɗaya a tsakiya cif, sai inci 10 su rage, a raba su huɗu: inci biyu da rabi a kowane ƙarshe, inci biyu da rabi tsakanin gida da gida. Daga layin tsakiya ake fara awo a yi dama da hagu, domin in an faro daga ƙarshe ɗan kuskuren kowane gida yana taruwa a na ƙarshe. Fensir a riƙe shi sako-sako.

Me za a zana? Ba sai an je intanet neman dusar ƙanƙara da ganyen da ba mu taɓa gani ba. A tsaya a gefen hanya ranar hawan Sallah, a lokacin da Mai Martaba Sarkin Katagum ya fito daga fada, a kalli kayan dawakai da kyau: alwatika ja kusa da ruwan ɗorawa, kore kusa da fari, dara-dara masu maimaita kansu. A dubi tambari da aska a wuyan babbar riga, da zanen hula, da da'irorin faifai, da dagin da magina ke fitarwa a goshin zaure. Waɗannan duka da rula da kamfas ake samar da su. Fure mai kunne shida, alal misali: a buɗe kamfas inci uku da rabi a zana da'ira a tsakiyar gida, kada a taɓa buɗin, a kafa tsinin a kan layin da'irar a ja baka daga gefe zuwa gefe, a matsa inda bakan ya tsaya a sake, har sau shida. Furen zai rufe kansa da kansa. A sa irinsa a gidajen gefe, dagi a na tsakiya, alwatika a siraran gidaje.

Dagi yana bukatar haƙuri. A fara zana shi a takarda mai gida-gida, a tabbata igiyar tana bi sama, ta bi ƙasa, ta sake bi sama a kowace mahaɗa; wuri ɗaya aka saɓa, ido zai kama. Idan ya yi, a cuɗa bayan takardar da fensir, a manna ta a kan allo, a bi layin da biro, zai sauka. Fuskar kaka kuwa ta fi sakewa: zangarniyar gero biyu sun gitta juna, ganyen gyaɗa a gefe, launin ƙasa da ruwan zinare da kore mai duhu, launukan gonakinmu a watan Oktoba.

Abu ɗaya ne nake jan kunne a kansa da babbar murya. Daga allon zayyana a ari gidaje da launi kawai. Kada a rubuta aya, ko basmala, ko sunan Allah da na Manzonsa a kan abin da za a ɗora wa kwano, miya ta zuba, a goge da tsumman kicin. Har sunan maigida, idan irin su Abdullahi ko Abdurrahman ne, a bar shi. Mai son rubutu ya yi wani allon na bango.

Launi uku da baƙi sun isa. A fara da mai haske, a ƙare da mai duhu, kowanne ya bushe kafin maƙwabcinsa ya shigo. Miƙaƙƙen layi da salatif na takarda ake fitar da shi: a manna, a danne bakinsa da farce, a fara shafa masa launin ƙasa siriri domin ya toshe duk kafar da fenti zai kutsa, sannan a sa launin da ake so, a ɓare salatif ɗin a hankali tun fentin bai gama bushewa ba. Baƙin layi shi ne na ƙarshe, shi ke haɗa kan zanen ya rufe 'yar rawar hannu. Siririn buroshi yana yi, amma wanda ya yi makarantar allo zai fi jin daɗin alƙalamin kara, ya tsinka baƙin akirilik da ɗan ruwa ya zama kamar tawada. Ainihin tawadar ƙaro ba ta dace ba, domin ruwa ne ke narkar da ita, banish na hawa kanta za ta baje ta ɓata aikin mako guda.

Rufi da ajiya

A bar zane kwana biyu, sannan a rufe shi da banish. Na ruwa ya fi, ba ya sauya launi kuma warinsa kaɗan ne. Na mai, wanda ake tsinkawa da tina ko kananzir, yana da ƙarfi, amma yana mayar da fari ruwan ɗorawa, shuɗi ya koma kore. In shi aka samu, a yi aiki a waje nesa da murhu, tsummokaran kuma a baza su su bushe, kada a dunƙule su a kwali, suna iya kamawa da wuta. Shafa uku marasa kauri, a bi da samfefa lamba 320 a hankali tsakanin shafa da shafa, ban da ta ƙarshe. Nan ma fuska biyu, gefuna, da bakuna, su bakunan ma a ƙara musu shafa ɗaya.

Bushewar da yatsa ke ji ba ita ce ƙanƙamewa ba. A ba shi mako biyu zuwa uku kafin a ɗora masa komai, in ba haka ba gindin kula zai bar zobe. Ko bayan nan, tukunyar da aka sauke daga wuta sai da faifai a ƙarƙashinta, abinci kuma a cikin faranti zai zauna. Ba allon yanka ba ne, ranar layya a ɗauke shi daga inda ake aikin nama. Gogewa da tsumma mai danshi ta wadatar, kada a tsoma shi a baho.

Idan Sallah ta wuce, a naɗe shi a tsohuwar atamfa a kwantar da shi a saman kwaba, ko a huda ƙarshensa tun wajen kafinta a rataye shi. Leda tana tara gumi da damina, ƙasa kuma gara na nan. A nisanta shi da taga mai rana da kusa da rufin kwano. Duk shekara biyu a bi shi da lamba 320 sama-sama a ƙara shafa ɗaya ta banish, in wani wuri ya ɓare a cike shi da launinsa tukuna. Don haka a rubuta sunayen launukan da aka haɗa da yawan kowanne a takarda, a ajiye tare da takardar dagin.